Jinjina ga masu ceto a hanyar Kano zuwa Zariya

In mota ta kife a hanyar nan, jama'a kan rugo cikin tausayi, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa. Niyya mai kyau ce, amma wani lokaci ita ke nakasa mutum, domin ƙashin wuyan da ya tsage yana iya murƙushe lakar da ke cikinsa.

Shi ya sa nake jinjina wa masu ceto na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Kalli aikinsu: ɗaya ya durƙusa ya tallabe kan majinyacin da tafukansa biyu, ba ya saki ko ana ihu. Shi kaɗai ke ba da umarni. Sauran su kama kafaɗa da ƙugu da ƙafafu, sai ya ƙirga, su mirgina shi lokaci guda, kai da gangar jiki a miƙe, a zura katakon ɗaukar majinyaci a ƙarƙashinsa, a ɗaure ƙirji da ƙugu, kai a ƙarshe. Ba garaje, ba mai nuna gwaninta.

Jama'a, in ba wuta ta tashi ba, ku bar wanda ya ji rauni kwance, ku kira 122.