Hoto Hawa-Hawa a Kan Biskit

Biskit ɗin bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma a kansa akwai sararin sama na gab da magariba, da duwatsu can nesa sun dusashe, da jerin bishiyoyi, sannan a gaba ga wata barewa tsaye kamar za ta tsallako waje. Wanda ya gani zai rantse kwana aka yi ana zana shi. Alhali matar da ta yi shi a ɗakin girkinta a Amurka, wataƙila ko a takarda ba za ta iya zana barewa ba. Kayan aikinta wasu siraran faya-fayan roba ne guda huɗu ko biyar masu huje-huje, waɗanda ake kira sitensil, ta ɗora su a kan biskit ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar nasa rabon hoton.

Aikin yana farawa tun daga ƙullu. Fulawa ce da bota da sukari da ƙwai, ba a son ya kumbura a wuta, domin fuskar da za a yi zane a kanta sai ta zama shafe kamar allo. In ya huce sai a malala masa aisin, wato kwaɓin garin sukari da farin ƙwai, wanda in ya bushe yake tauri. Turawa suna ce masa aisin sarauta, kuma ana danganta sunan da kek ɗin bikin auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840. Wannan shimfiɗa ta farko akan bar ta ta kwana. Mai gaggawar da ta ɗora sitensil tun ciki da danshi, da ta danna sai fuskar ta burma, aikin jiya ya tafi a banza.

Hanya biyu ake bi wajen fitar da zanen. Ta farko shafe: a kwaɓa aisin ya yi kauri kamar man goge baki, a ɗebo da 'yar wuƙa marar kaifi, a ja shi a kan sitensil sau ɗaya ko biyu, a kankare rarar, sannan a ɗaga robar sama ɗoɗar ba tare da ta zame ba. In kwaɓin ya yi ruwa, sai ya kurɗa ƙarƙashi ya dagula gefen zanen. In ya yi tauri da yawa, sai ya ƙi shiga ƙananan hujin, ganyen bishiya ya fito da giɓi. Hanya ta biyu feshi ce, da wata 'yar bindigar iska mai fesa kalar abinci, ƙanwar wadda masu fentin mota suke riƙewa. Ita kuma sirrinta a tsayar da bakinta daidai saman biskit; da an karkata hannu, iska za ta cusa kalar ƙarƙashin robar, zanen ya yi hazo. Saboda haka ne aka ƙera wani ɗan firam mai maganaɗisu da yake kame sitensil ɗin, wanda yawanci faɗinsa inci 5.5 ne ta kowane gefe.

Duk wannan mai koyo zai kama shi cikin 'yan makwanni. Inda gwanaye suke rabuwa da 'yan koyo shi ne wurin jera hawan. Ana farawa da abin da ya fi nisa, a ƙare da na kusa. Ana farawa da kala mai haske, a ƙare da mai duhu, domin kalar feshi ba ta da kaurin da za ta binne wadda ke ƙarƙashinta. Fesa rawaya a kan shuɗi, kore za ka samu, ko kana so ko ba ka so. To yaya za a yi farin wata ya fito a tsakiyar shuɗin sama? Sai a yanko 'yar roba mai siffar watan, marar huji, a ɗora ta a wurin kafin a fesa saman. In an ɗauke ta, farin aisin na ƙasa yana nan tas. Haka ake yi wa barewa, haka ake yi wa gida: a rufe gurbinsu, a gama da baya, a buɗe, sannan a kawo sitensil ɗinsu ya zauna cif a gurbin. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya bar farin layi a bayan barewar, kowa kuma zai gan shi. Lokaci mai yawa na mai wannan aiki a rufe wuri yake tafiya. Nisan ma dabara ce ta ido: duwatsun baya feshi ne marar ƙarfi, bishiyoyin tsakiya sun fi su duhu, barewar gaba kuwa shafe ce mai tudu da yatsa zai ji. Wasu ma a kan wani ɓawon sukari daban suke fitar da ita, su yanko, su manna, don ta yi inuwa ta gaske.

Sitensil yana da wata nakasa da aka haife shi da ita. Ka yanke harafin O a takarda, tsakiyarsa za ta faɗi, don haka dole a bar 'yan gadoji da za su riƙe ta, su ne tsagar da ake gani a rubutun jikin akwatunan kaya. Masu rinin Japan sun magance wannan da zaren siliki da suke ratsawa cikin sitensil ɗinsu na takarda. Masu biskit kuwa sun raba hoton gida-gida, hawa na biyu ya rufe gadojin na farko.

Sha'awar buga hoto a kan kayan zaƙi tsohuwa ce a Turai, sai dai ba da sitensil aka fara ba. A kudancin Jamus da Suwizalan har gobe ana yin Springerle: a danna ƙullu da sassaƙaƙƙen katako, a bar shi ya sha iska kamar kwana guda don hoton ya daskare, sannan a gasa a wuta marar zafi. A arewacin Kuroshiya akwai Licitar, jajayen biskit masu siffar zuciya da ake manna wa ɗan madubi, sana'ar da UNESCO ta sa a jerin al'adun gado a 2010. Daga baya sai matsa aisin da hannu ya karɓe fage. Makarantar Wilton ta koyon adon kek ta buɗe a Shikago a 1929, Joseph Lambeth kuma ya fitar da littafinsa a 1934, wanda ya koyar da ɗora zaren aisin a kan zare har ado ya yi tudu. Wannan salo shekaru yake ci kafin hannu ya faɗa.

Jera sitensil hawa-hawa kuma tsohuwar dabara ce a wurin maɗaba'a. A birnin Paris, mujallar kwalliya ta Gazette du Bon Ton, wadda ta fara fita a 1912, da hannu ake sa wa hotunanta kala, kowace kala da sitensil ɗinta, kuma da wannan hanya aka buga littafin Jazz na mai zane Henri Matisse a 1947. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Masu adire na Abekuta suna huda faifan ƙarfe, su shafa kullun rogo ta cikin hujin a kan farin yadi kafin a tsoma shi a baba. Mai ƙunshin da take yanka salatif ta manna wa amarya a ƙafa kafin ta shafa jan lalle, ita ma rufi take yi, wurin da ta rufe shi ne adon.

Abin da ya kai sitensil ɗakin girki shi ne araha. Robar Mylar ana wanke ta a sake amfani da ita, na'urar leza tana huda ta da kyau, injinan yanka na gida irin Cricut da Silhouette kuma sun ba kowa damar yanka nasa. Sai YouTube da Instagram suka zo, inda ɗaga sitensil a ga hoto ya bayyana ya zama abin kallo shi kansa. Taron masu adon biskit na CookieCon ya fara a Salt Lake City a 2012. Julia Usher, marubuciyar littattafai kan biskit, ta fitar da jerin sitensil da ake sayarwa biyu-biyu, na baya da na gaba, tare da robobin rufinsu, don a riƙa gauraya su.

A nan ne ƙorafin yake, kuma yana da tushe. In mutum dubu suka sayi sitensil ɗaya, barewa ɗaya ce za ta tsaya a biskit dubu, ƙafarta ta dama a ɗage. Wanda ya zana ta yana can ba a ambatonsa, wadda ta fesa ita ake yabo. Ga kuma batun ci, wanda masu sana'ar ba su cika son a tayar ba. Biskit ɗin da aka yi kwana biyu ko uku ana ɗora masa hawa, aisin ɗinsa ya yi tauri, zaƙi ya yi yawa, baƙar kala da ja kuma suna rina harshe. Da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka a hoto ba ciki suke zuwa ba, a ajiye suke tsufa.

Amma masu cewa sitensil aikin ragwaye ne ba su taɓa riƙe bindigar feshi ba. Ka ba mutum biyu kaya iri ɗaya, ɗaya saman nasa zai sauko daga shuɗi zuwa ruwan goro a hankali, ɗayan kuma zai yi dabbare-dabbare kamar bangon da ruwa ya daka. Zaɓen kala, ƙarfin feshi, sanin hawan da ya kamata a bari, duk ba a sayar da su tare da robar. Mafi kyawun ayyukan su ne masu hawa uku ko huɗu da suka bar wa ido wurin hutawa; masu hawa bakwai galibi kasuwa ce ta cika a kan tafin hannu.

Mai yin kek a Kano ko Zinder da take son gwadawa, ta lura da abu guda da bidiyon Amurka ba zai gaya mata ba: aisin yana shan danshi. A watan Agusta zai daɗe bai bushe ba, kaloli su riƙa zuba cikin juna. Ta fara koyo da hunturu, ta kuma rufe kwanon kwaɓin da jiƙaƙƙen tsumma, don a lokacin kafin ta gama goge sitensil ya riga ya yi ɓawo.