Jinjina Ga Masu Gyaran Keke Na Zoza

Duk da yawan babura a ƙasar Rogo, har yau keke ne abin hawan talaka. Daga Zoza zuwa Fulatan, Zarewa ko Karaye, inda madatsar ruwan Challawa take tun 1992, za ka ga manomi ya ɗaure damin rake ko buhun masara a bayan kekensa, yana turawa a hawa, yana riƙe birki a gangara. Da damina taɓo ya kan cinye sarƙa, da rani ƙaya ta huda taya.

A nan ne mai faci ke shigowa. Kayan aikinsa ba su da yawa: famfo, sufana, gam da kwanon ruwa. Zai hura tif ya nutsa shi a ruwa, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Ya kankare, ya shafa gam, ya manna faci. Tsohon keken Raleigh da aka gada daga kaka, shi ke miƙe masa ƙafa ya koma hanya. Sau tari ɗan makaranta kan tafi da bashi.

Sannunku da aiki, iyayen gida. Jama'a, mu riƙa biyansu haƙƙinsu a kan lokaci.