Sharhi a Kan Ra'ayin Taƙaita Ikon Gwamnati: Darasi Daga Kaduna

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a Amurka da Ingila, watau ra'ayin masu cewa 'yancin mutum ɗaya shi ne gaba da kome, kuma gwamnati ita ce babbar abokiyar gabarsa. Fitaccen mai wannan ra'ayi shi ne Robert Nozick, wanda a littafinsa na 1974 ya ce aikin gwamnati bai wuce ta tsare mutane daga fin ƙarfi da sata da zamba ba, sa'an nan ta sa a cika alkawarin ciniki. Har ma ya kwatanta harajin da ake yanka wa abin da mutum ya samu da guminsa da aikin tilas. A nan za mu auna ra'ayin da abubuwa biyu da suka shafi birnin Kaduna, ɗaya daga majalisa, ɗaya daga kotu.

Inda Ra'ayin Ya Yi Gaskiya

Hukumar Willink, wadda ta ba da rahotonta a 1958, ita ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin tsarin mulki. An shigar da su a 1959, kana tsarin mulkin 1960 ya ɗauke su. Amma an ɗaura musu wani sharaɗi: gwamnati tana iya tauye wasu daga cikinsu muddin dokar da ta yi ta dace da al'umma mai bin dimokuraɗiyya.

Ba a daɗe ba aka ga aikin wannan sharaɗi. A 1958 majalisar Jihar Arewa da ke zama a Lugard Hall, Kaduna, ta yi dokar da ta hana yara shiga harkokin siyasa. A shari'ar Cheranci ta 1960, wani da aka hukunta da wannan doka ya kai ƙara cewa ta keta 'yancin faɗin albarkacin baki da na taruwa. Babbar Kotu ta ƙi karɓar hujjarsa, ta ce dokar ta dace domin kare tarbiyya da zaman lafiya. Wannan sharaɗi ya rayu a sashe na 41 na tsarin mulkin 1979, ya kuma sake bayyana a sashe na 45 na tsarin mulkin 1999. A nan dole mu yarda da su Nozick: haƙƙin da aka ba da da hannun dama aka bar ƙofar karɓe shi da hagu, haƙƙi ne mai rauni.

Inda Ra'ayin Ya Gaza

A watan Janairu 1980 Gwamnatin Tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, ɗan jam'iyyar GNPP kuma shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ta fitar da shi zuwa Chadi bisa zargin shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke umurnin, ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, ta kuma sa a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Kaduna ta tabbatar da cewa korar haramtacciya ce.

Tambayarmu ita ce: wa ya ƙwato wa Shugaba haƙƙinsa? Kotu ce, kotu kuwa reshen gwamnati ne, da haraji ake biyan alƙalanta. Gaskiya ne Nozick bai ce a rushe kotuna ba. Amma talakan da ba shi da karatu, ba shi da kuɗin lauya, ƙofar kotu a rufe take gare shi, ilmi da taimakon shari'a kuwa suna cikin ayyukan da wannan ra'ayi yake so gwamnati ta janye hannu daga cikinsu.

Bugu da ƙari, tarihin Arewa bai nuna cewa ƙaramar hukuma ta fi adalci ba. A shekarun 1950 'yan NEPU sun fi shan wuya a hannun 'yan doka da alƙalan En'e, watau hukumar da ta fi kusa da su. Sauƙi ya fara samuwa ne daga 1968, sa'ad da aka soma karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e aka mayar da su ga manyan gwamnatoci.

Kammalawa

Abin da muka gano shi ne, girman gwamnati ko ƙanƙantarta ba shi ne ma'aunin 'yanci ba. Ma'aunin shi ne ko akwai inda ɗan ƙasa zai kai ƙarar mai iko a saurare shi, kuma mai ikon ya bi hukunci. Saboda haka muna ba malaman kwalejojin ilmi shawara, idan sun zo koyar da babi na huɗu na tsarin mulki, su karanta wa ɗalibai sashe na 45 tare da shi, su kuma kawo waɗannan shari'o'i biyu, domin malamin gobe ya san haƙƙinsa, ya kuma san ta inda ake tauye shi.