Yaushe son iyaye ya koma makullin mota?

Jama'a, ku da muke karatun littattafan nan tare, ina da ƙorafi, kuma ya daɗe yana cina a rai. Ku buɗe yawancin labaran da ake turowa a zaurukan WhatsApp ko ake ɗorawa a Wattpad, kafin ku yi nisa za ku tarar Dadi ya kira autarsa falonsa, ya ce ta rufe ido, ya danƙa mata makulli a tafin hannu. Ta buga tsalle, ta rungume shi, marubuciya ta sanar da mu cewa duk duniya babu uban da ke ƙaunar 'yarsa kamar wannan. Shi ke nan, an gama da batun soyayyar iyaye. Ba mu ga ranar da ya zauna ya saurari damuwarta ba. Ba mu ga daren da zazzaɓinta ya hana shi barci ba. Abin da muka sani shi ne sunan motar, da launinta, da kuɗin da ta ci.

Mami ita ma haka. Ba a nuna mana son da take yi wa ɗanta sai ta hau jirgi zuwa Dubai haɗo lefe, a cika shafi biyu ana ƙirga akwatuna da sarƙoƙin gwal da atamfofi. 'Yan uwana marubuta, wallahi kun iya lissafi. Mai karatu yakan fita daga littafi ya haddace farashin turaren amarya, amma ka tambaye shi wace magana uwar ta taɓa faɗa wa ɗanta wadda ta zauna masa a zuciya, sai ya yi shiru. Littafi ya zama kamar rasidin kanti.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake yi wa uba talaka. In ba a kashe shi tun kafin labari ya fara ba, to za a mai da shi ɗan caca mai dukan mata, ko makwaɗaicin da ke jiran Alhaji ya faka mota a ƙofar gida ya miƙa masa yarinya. Uwa talaka kuwa an fi tausaya mata, sai dai tausayin ba nata ba ne. Za a kwantar da ita da ciwon ƙoda, likita ya yanka miliyoyi, yarinya ta rasa inda za ta sa kanta, sai ga matashin attajiri mai ɗaure fuska ya zo da takardar auren yarjejeniya. Da zarar an sa hannu an biya kuɗin asibiti, Inna ta gama aikinta. Sai can wajen ƙarshe a tuna da ita, a saya mata gida, a kai ta Makka. Ciwonta ƙofa ce kawai da aka buɗe wa jaruma ta shiga daula. Wace ce ita, me take so wa 'yarta, me take tsoro, babu wanda ya tambaya.

Ba haka muka gada ba, shi ya sa abin ke mini ciwo. Ku koma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Mahaifiyar Umar ba ta ba shi komai ba, domin ba ta da komai. An sace mata yaro, ta tashi ta bi sahunsa. Ta je Kano, ta ji labarin wani Balarabe ya tafi da shi, ta bi ayari ta shiga hamada, aka yaudare ta a hanya, ita da take 'ya aka mai da ta baiwa, har ta ƙare a Tarabulus. Sai da ta tsufa ta lalace sannan ta sa ɗanta a ido, kuma ba ta daɗe ba ta cika. Babu wurin da marubucin ya tsaya yana rantse mana cewa tana son ɗanta. Bai buƙaci haka ba. Ƙafafunta ne suka faɗa, kuma duk wanda ya karanta littafin a makaranta har yau in aka ambaci matar nan sai jikinsa ya yi sanyi.

A gasar nan dai aka samu Jiki Magayi, inda Malam Shehu ya sa dukiya ya raba Zainab da Abubakar don neman haihuwa, ya samu ɗan, dukiyar kuma ta kasa tsare masa shi. Tun a lokacin marubuta sun gane cewa uba yana iya mallakar komai ya rasa ɗansa yana ji yana gani.

Ku matso kusa, ku ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Me Rabi ta yi? Ta ɗora tukunya ta kama sayar da abinci, da shi ta ciyar da su ta riƙe karatunsu. Mai kuɗin shi ne uban banza, mai tukunyar ita ce ta riƙe gida. Littafin nan ya yi ƙarfin da har aka fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012, kuma abin da ya kai shi can ba jerin motoci ba ne.

Na sani, za ku ce ai ita ma Hajiya Balaraba ta aurar da Saudatu, 'yar Rabi, ga mai kuɗi. Gaskiya ne, ban musa ba. Za ku kuma ce kuɗi da soyayya sun daɗe suna kokawa a littattafanmu, ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino nan, inda Abdulƙadir ya saye kakar Sumayya da kyaututtuka har yarinya ta faɗa rijiya. Wannan ma haka ne. Amma ku lura da kujerar da kuɗi ke zaune a kai. A waɗancan littattafai kuɗi shi ne wanda ake tuhuma. A na yanzu shi ne alƙali. Shi ke yanke wane ne uba nagari, wace ce uwa mai albarka, wace jaruma ce haƙurinta ya karɓu. Ana cika baki da cewa haƙuri da tarbiyya su ne darasin labari, to amma me ya sa ladan haƙuri kullum sai ya zo da gida a Maitama?

Ku duba yadda ake rufe labaran. Haihuwar tagwaye a asibitin ƙasar waje, suna na kece raini, dangi kaf a jirgi zuwa Umara, maƙiya kuma sun talauce suna bara. Talauci ya zama hukuncin mugu, wadata ta zama shaidar mutumin kirki. Yaushe rabon ku karanta littafin da jaruma ta ƙare a gidan haya, ɗaki biyu, da mijinta malamin makaranta, kuma marubuciya ta yarda a zuciyarta cewa wannan matar ta dace? In an fara da malamin makaranta ma, to ku jira, a babi na arba'in za a gano ɗan sarki ne da ya ɓata tun yana jariri, ko kuma attajiri ne da ya ɓad da kama don gwada ta. Ko talakan da aka bari mu so, sai an ƙwace mana shi.

Masu cewa rayuwa ta yi tsanani, a bar mutane su huta a cikin mafarki, na ji, kuma ban raina wannan ba. Na kuma yarda da yawa daga cikin marubutan nan sun iya jan zare, sun iya hira, suna riƙe mutum har asuba da waya a hannu. Iyawar tasu ce ma ta sa nake magana.

Domin wa ke karantawa? 'Yar mai Keke Napep ce, da 'yar ɗan dako a Kantin Kwari, da 'yar malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ubanta ya fita tun duku-duku, ya dawo da ledar biredi da ƙullin sukari. Ya ɓoye bashin da ke kansa don kada hankalin gida ya tashi. Ranar aurenta zai sayar da gonar gado ko filin da ya shekara goma yana tattali, don a yi mata gado da kujeru kada a raina ta a gidan miji. Uwarta ta yi shekaru tana zubin adashi tana tara kwanuka ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gado. Yarinyar nan ta karanta littafi ɗari, babu ko ɗaya da ya ce mata abin da iyayenta ke yi sunansa so. An koya mata cewa so yana zuwa ne a kwali da kirtani, sai ta ɗaga kai ta kalli kayan ɗakinta ta ji kunya.

Kuma kada wani ya ce mini irin wannan uban ba zai yi daɗin karatu ba. Mutumin da zai tsaya a gaban mai kanti yana roƙon a ƙara masa wata guda, sannan ya shigo gida yana dariya yana tsokanar yara, akwai labari a cikinsa fiye da Dadi goma. Akwai fushi, akwai kuskure, akwai ranar da zai yi wa 'yarsa tsawa ba da laifinta ba don abin duniya ya ishe shi, da yadda zai rasa bakin ba ta haƙuri sai ya sayo mata tsire. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna matan da ke rubutu sun iya kama irin wannan rayuwa in suka ga dama, tun daga labarin farko da ya ci gasar, wanda aka gina a kan 'yan gudun hijira. In ana iya yi a gajeren labari don gasa, ban ga abin da zai hana a yi a dogon littafin da muke biya mu karanta ba.