Wa ke da dajin da ba a sare ba? Nazari kan fim ɗin "Bruno Manser"

A shekara ta 2019 ne Niklaus Hilber, mai shirya finafinai ɗan ƙasar Suwis, ya fito da fim mai suna "Bruno Manser", wanda cikon sunansa da Jamusanci ke nufin muryar kurmi. Fim ɗin yana ba da labarin wani makiyayi, haifaffen birnin Bazel, wanda ya shiga kurmin Sarawak da ke tsibirin Borniyo, cikin ƙasar Maleziya, a 1984, ya zauna shekara shida tare da al'ummar Penan. Ya koyi harshensu, ya tsaya tare da su sa'ad da kamfanonin katako suka afka wa dajinsu. A watan Mayu na 2000 ya ɓace a kan hanyarsa ta zuwa dutsen Batu Lawi, kotu kuma ta ayyana mutuwarsa a 2005.

Kashin farko na fim ɗin shi ya fi armashi. Mai kallo yana ganin yadda Penan ke farauta da dogon bututun katako da suke hura ƙananan kibau masu dafi, da yadda suke fitar da gari daga ɓargon wani itace dangin giginya. Mai shirya fim ya kyauta da ya bar ƴan Penan suka fito da kansu, suna magana da harshensu. Nick Kelesau, wanda ya hau matsayin shugaba Along Sega, ɗan gwagwarmayar kare dajin ne tun kafin a ɗauki fim, shi ya sa maganarsa ke da nauyin da ba a samunsa ta hanyar kwaikwayo. Haka nan wurin da maza da mata da yara suka gicciya itatuwa suka tare hanyar motocin katako, kamar yadda aka yi tun daga 1987, ya isa ya sa jikin mutum ya yi sanyi.

Sai dai daga nan labarin ya karkata. Kamara ta fi bin Sven Schelker, wanda ya fito a matsayin Manser, ana nuna damuwarsa da kewarsa. An kuma cusa labarin soyayya tsakaninsa da wata budurwa mai suna Ubung, abin da ya cinye lokacin da ya kamata a ba ainihin rigimar. Ta haka masu daji suka koma ƴan rakiya cikin labarinsu, baƙo ya zama mai gida.

Ainihin rigimar kuwa ta doka ce, kuma ta cancanci fili fiye da wanda ta samu. Dokar ƙasa ta Sarawak ta amince da haƙƙin gado na ƴan asali a kan filin da suka riƙe kafin 1958, amma manyan shaidun da take karɓa su ne sare daji da zama cikinsa, da noma, da dashen itatuwa masu ƴaƴa, da maƙabarta. Penan masu yawo ba su sare ba, ba su yi shuka ba. Al'adarsu da suke kira "molong" ita ce mutum ya sa wa itace alama, ya ɗebi abin da yake bukata, ya bar saura ya hayayyafa don na baya. Ke nan abin da ya tsare kurmin tsawon zamani shi ne ya hana su shaida a gaban alƙali. A zamanin Abdul Taib Mahmud, wanda ya shugabanci gwamnatin Sarawak daga 1981 zuwa 2014, an raba wa kamfanoni izinin sara a kan wannan daji, an kuma mai da tare hanya laifi tun cikin 1987.

Mai karatu a Tawa ko Damagaram ba baƙo ne ga wannan magana ba. An daɗe ana ɗaukar gona a matsayin shaidar mallaka, alhali makiyayin da ke bin burtali da mashaya ba ya barin kunya a bayansa. Sai da dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 suka zo kafin Nijar ta rubuta haƙƙin makiyayi a kan mazauninsa da kuma ƴancinsa na yawo da dabbobi. Duk da haka rubutu daban, aiki da shi daban.

Penan ma sun gane cewa hukuma takarda take ji. Sun shafe shekaru suna bin rafuka da duwatsu da kaburburan kakanni, tare da taimakon gidauniyar da Manser ya kafa, har suka kammala taswira 23 a 2017, ɗauke da sunayen wurare da harshensu. Wannan aiki na haƙuri ya fi kowane shinge nuna ko su wane ne masu ƙasar.

Fim ne da ya cancanci kallo, domin ya kai sunan Penan inda ba a taɓa jinsa ba, hotunansa kuma suna da kyau ƙwarai. Amma wanda ya kalle shi zai tashi ya san Manser fiye da yadda ya san mutanen da Manser ya sadaukar da ransa dominsu. Labarin Along Sega, wanda ya rasu a 2011, da na masu zanen taswira, yana nan yana jiran mai ba da shi daga bakinsu.