Koren Ƙyalle da Hasken Kaduna: Me Ya Sa Idonku Ke Gane Haɗi?

Ku lura da wasu bidiyon waƙoƙin Hausa da ke yawo a YouTube. Jarumi da jaruma na rawa a gaban dogon bene irin na Dubai, amma ko yaro ya kalla sai ya ce, "Wannan ai haɗi ne." Haɗin ne kuwa: a ɗaki aka ɗauke su gaban koren ƙyalle, kwamfuta ta goge koren ta liƙa hoto a bayansu. To me ya sa ido ke saurin ganewa?

Yawanci haske ne ke tona asiri. An zaɓi kore saboda ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma idon kyamarar dijital yana da ɗigon kore ninki biyu na ja ko shuɗi, shi ya sa take kama shi tsaf. Sai dai ƙyallen yana mayar da haske, ya shafa wa gefen fuska da bakin ɗankwali kore-kore. Sannan idan fitila ta haska jarumi daga hagu alhali rana tana dama a hoton baya, ƙwaƙwalwarku za ta ƙi yarda tun kafin ku san dalili. Ga kuma motsi: in kyamara ta matsa, abin da ke kusa ya kamata ya fi na nesa gudu, kamar yadda kuke gani ta tagar jirgin ƙasa in ya tashi daga Rigasa. Hoton da aka liƙa ba ya yin haka.

A Amurka an yi maganin wannan, amma da kuɗi. Shirin The Mandalorian na 2019 an ɗauki babban sashensa cikin zagayayyen bangon allunan LED mai tsayin kusan mita 6, na kamfanin ILM. Manhajar Unreal Engine tana sauya hoton bangon daidai da motsin kyamara, bangon kuma shi ke haska 'yan wasa. Wannan na son wutar da ba ta ƙiftawa. Ku da kanku kun san halin da muke ciki.

Ƙorafina shi ne, mun ɗauki mafi arhar fasahar muna rufe abin da muka fi kowa da shi. A 2007, da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta tsaurara dokoki, 'yan fim da dama sun koma aiki Kaduna da Jos. Kaduna na da abin nunawa: ƙubbar Lugard Hall, bakin kogi a Gamji, cunkoson Kawo, inuwar bishiyoyin Unguwar Rimi. Uwa uba hasken hunturu, lokacin da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi take warwatsa hasken rana, inuwa ta yi laushi, nesa ta dushe. Masu zanen kwamfuta wahala suke sha kafin su kwaikwayi wannan, mu kuwa kyauta muke samu. Fim ɗin da ya bar shi ya ari Dubai ta jabu ya yi asara biyu: bai zama Dubai ba, bai kuma zama namu ba.

Ba cewa nake a jefar da kwamfuta ba fa. Amfaninta na gaskiya shi ne dawo da abin da babu shi yanzu. An rushe tsohuwar Kasuwar Barci da tsohuwar gadar Kawo an gina sababbi, duk mai labarin shekarun 1980 ba shi da inda zai kafa kyamara. Haka ganuwar Zazzau ga mai son labarin Sarauniya Amina. Akwai dabarar ɗaukar gini hotuna ɗaruruwa ta kowace kusurwa, manhaja ta haɗa su ta fitar da siffarsa, a gyara a Blender, wadda kyauta ce. Waya mai kyamara mai kyau ta isa a fara.

Saboda haka in kun ga haɗi a fim, ku tambaya: wurin nan babu shi ne a duniya, ko dai darakta ya ji ƙyuyar fita rana?