Amina ta shiga wasa, kirdado yana neman fita

A ranar 11 ga Fabrairu 2025 kamfanin Firaxis ya fitar da wasan Civilization VII, kuma cikin shugabannin da ɗan wasa zai iya ɗauka har da Amina, sarauniyar Zazzau. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke buga wasan a ɗakinsa a Samaru ya daɗe yana haƙuri da Mansa Musa na Mali ko Askiya na Songhai a wasannin Civilization na baya. Yanzu ga 'yar gida, wadda ganuwar birni ke ɗauke da sunanta. Wannan abin farin ciki ne.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a irin waɗannan wasanni wadda ta cancanci a soke ta: miƙa wa ɗan wasa sirrin abokin karawarsa ba tare da ya sha wahala ba.

A Civilization V na 2010, shafi guda ne ke nuna matsayin ƙasa a yawan jama'a, amfanin gona, sojoji da ilimi, tare da na wanda ya fi kowa da na wanda ke ƙarshe. Yawancin sauran kirdado ne. Mutum zai tura ɗan leƙen hanya ya dubo iyaka. Idan ya hangi masu bindiga alhali shi har yanzu takobi yake ƙerawa, ya san an yi masa nisa. Idan garuruwan maƙwabci sun cika da jama'a amma babu ganuwa, ya san dukiyar ta tafi gona da kasuwa, kuma ƙofa a buɗe take. A Civilization VI kuwa ana iya kunna wani layi a saman allo da ke jera ƙarfin soja, kimiyya da zinaren kowane shugaba. Kallo ɗaya ya isa.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfa a kasuwar Sabon Gari ya san abin da aka rasa. Ɗan kasuwa ba ya ganin littafin maƙwabcinsa. Yana ƙirga motocin da suka sauke masa kaya, yana lura da ranar da ya rage farashi, da yawan yaran shagonsa. Wani lokaci ya canka, wani lokaci a ruɗe shi da buhunan da babu komai a ciki. A Civilization ma, ruɗin nan shi ne daɗin wasan, domin mai rauni yana iya jera 'yan sojojinsa a bakin iyaka ya sa mai ƙarfi ya ja da baya. Lambobin saman allo sun kashe wannan dabara.

Masu son layin suna cewa yana rage ɓata lokaci, kuma inda wuta ke ɗaukewa kuma data ke da tsada, hujjar tana da nauyi. Amma wasan Age of Empires II ya nuna wata hanya tun 1999: mai son ganin duk abin da abokin gaba yake gani sai ya biya zinare 200 a kan kowane ma'aikacin abokin gabar. Sanin yana nan, amma da kuɗinsa, kuma yawanci sai ƙarshen yaƙi ake iya sayensa.

Abokan da ke haɗuwa a Samaru ranar Asabar suna iya yin yarjejeniya kafin a fara: kowa ya kashe layin, kowa ya tura ɗan leƙen hanyarsa.